Watan Bakwai a Bakin Kanal

Da kakanninmu za su ji ana cewa "noman rani", da sun ɗauka gatse ake yi musu. A wurinsu rani shi ne lokacin da ake rataye fartanya. Lokacin saƙa ne da rini da gyaran katanga, lokacin fatauci da farauta da bukukuwa, lokacin da malami ke kwasar almajiransa ya nufi gabas. Wanda rumbunsa bai cika ba sai ya ɗauki sanda da buhu ya tafi cin rani, wato ya je ya cinye watannin nan a wani gari don hatsin gida ya kai iyali zuwa shuka. Yau a ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam, har zuwa ƙauyukan Madobi da ke maƙwabtaka da su, abin ya juya. Nan ake zuwa cin ranin. Daga Nuwamba zuwa Afrilu za ka ga 'yan ƙwadago daga nesa sun cika gonaki, wasu na dashe, wasu na tsinkar tumatir, wasu na dakon kwanduna zuwa bakin titin Zariya. Kalmar tana nan yadda aka gaje ta, amma ƙafar da ke tafiyar ta sauya alƙibla.

Abin da ya juya ta ruwan Tiga ne. An gina madatsar a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, kuma tana iya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Daga can babban kanal ke ɗauko ruwan, ya biyo gangare ba tare da inji ya tura shi ba, ya rarrabu zuwa ƙananan hanyoyi har ya isa kan kunya. Kashin farko na aikin ban ruwan an tsara shi ne a kan hekta 22,000, aka fara gwaji a Kadawa, daga baya kula da shi ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da aka kafa a 1976. Shekara hamsin ke nan, kuma shekara hamsin sun isa su sa harshe ya zubar da wasu kalmomi ya ɗauki wasu. Abin da ya dame ni shi ne waɗanne aka zubar, kuma me ya tafi tare da su.

Ban ruwa ba baƙo ba ne a ƙasar Kano. Tun kafin Tiga akwai lambu a bakin rafi, akwai kuma jigo: doguwar sanda da aka ɗora a kan gwafa, an ɗaura mata curin laka a gindi, guga na reto a ɗaya bakin. Mai lambu ya janyo igiya ƙasa, guga ya nutse, nauyin lakar ya ɗago masa shi, ya juye a ƙaramar hanya, ruwa ya bi fangali fangali. Haka zai wuni. Yaron da aka haifa a Kura bayan 1990 da wuya ya taɓa ganin wannan da idonsa, amma kullum yana jin rediyo na cewa wane jigo ne a jam'iyya, malamin Hausa kuma na tambayarsa jigon waƙa. Bai san cewa ana nufin sandar da dukkan nauyin aikin ke rataye a kanta ba. Wanda ya taɓa ganin jigo yana aiki ba sai an yi masa dogon bayani a aji ba.

Kalmomin da suka maye gurbin irin su jigo ba su da laifi. 'Yan jarida na cewa madatsar ruwa, manomi na cewa dam, kuma kowa ya gane. Akwai kanal, akwai inji da tiyo ga waɗanda kanal bai kai gonarsu ba, suna jan ruwa daga kogi ko daga 'yar rijiyar da aka huda a fadama. Akwai lanƙwasasshen bututun nan da ake tsallakar da ruwa da shi daga kanal zuwa gona. Ka tsaya ka kalli mai ban ruwa: zai nutsa bututun ya cika, ya toshe baki ɗaya da tafin hannu, ya yi wuf ya kifa shi ta kan gaɓa, ya saki, sai ruwa ya yi ta zuba da kansa muddin bakin waje ya fi saman ruwan kanal ƙasa. Nauyin iska da ke danna saman ruwa da jan ƙasa ne ke wannan aiki. Yaron da ya iya wannan da hannunsa tun yana shekara goma, shi ne zai zauna a aji a karanta masa darasin da Turanci ya ɗauka wani abu ne daga wata duniya.

Sunayen ƙasa sun fi shan wuya. Bahaushe ya raba gona gida biyu, tudu da fadama, kuma ba tsayi kaɗai yake aunawa ba. Fadama ita ce inda ruwan ƙarƙashin ƙasa yake kusa, inda ambaliya ke kwanciya ta bar laka. A cikin tudu ma akwai jigawa mai rairayi wadda gero da gyaɗa ke so, akwai jangargari, akwai dabaro baƙa mai tsagewa da rani ta riƙe ƙafa da damina, akwai fako da ruwa ke zamewa a kansa, akwai marmara, jan dutsen nan mai sinadarin ƙarfe da ke taurare idan ya sha iska. Kowane suna hukunci ne a kan abin da za a shuka. Biyu daga cikinsu sun yi suna har waje: jigawa ta zama sunan jiha a 1991, fadama kuma ta shiga takardun Bankin Duniya a farkon shekarun 1990 a matsayin sunan wani babban shirin noma, ba a ko fassara ta ba. To amma me za a kira gonar tudu da kanal ya kai wa ruwa shekara da shekaru? Ba fadama ba ce, don ba kogi ya yi ta ba. Ba kuma tudun da aka sani ba ce, don a wasu wuraren ruwan ƙasa ya taso har yana kwanciya, rana ta ƙafar da shi, ya bar fari-farin kanwa a kan kunya. Manomi na cewa gonar ta yi kanwa, kuma ya faɗi daidai: gishirin da ke narke cikin ruwa ne ke taruwa idan magudanar fitar da ruwa ta toshe. Can ƙasa kuma, wajen Haɗeja da Nguru, inda a da kogi kan cika da damina ya janye da rani, ruwan da ake saki duk shekara ya ba ciyawar kacalla wurin zama har ta toshe hanyoyin ruwa.

A makaranta ana koya wa yara cewa ƙasarmu lokaci biyu gare ta, na ruwa da na rashinsa. Wani littafin ma huɗun Turai yake jerawa, har da faɗuwar ƙanƙara. Bahaushe biyar ya sani: bazara, damina, kaka, hunturu ko dari, sannan rani, wanda wani lokaci ake nufin dukkan watannin rashin ruwa da shi, wani lokaci kuma tsakanin janyewar sanyi da shigar zafi. Wannan rabo ya fi na littafin kusa da abin da masana yanayi ke aunawa. Iska biyu ke karɓa-karɓa a kanmu. Ɗaya busasshiya daga arewa maso gabas, ta ratso Sahara. Ɗaya mai laima daga kudu maso yamma, daga Tekun Atlantika. Layin da suke haɗuwa yana hawa arewa yana saukowa kudu yana bin rana, saboda duniya a karkace take da digiri 23 da rabi a kan hanyarta. Bazara ita ce lokacin da laima ta fara shigowa amma ba ta yi kaurin da za ta zubar da ruwa ba, shi ya sa ake gumi ana ganin hadari yana haɗuwa yana watsewa.

Ga wani abu da kowa zai iya gwadawa da tabarya a tsakar gida. A daidai inda Madobi da Kura suke, kusan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, sau biyu a shekara rana ke tsayawa cak a tsakiyar ka har inuwa ta shige ƙarƙashin abu: wajen 20 ga Afrilu da wajen 22 ga Agusta. Na farkon tsakiyar bazara ne, ma'aunin zafi na haura 40. Na biyun tsakiyar marka ne, lokacin da ake kwana ana wuni ana ruwa, tufafi su ƙi bushewa, tsofaffi su nemi mayafi. Rana ɗaya, tsayi ɗaya, amma girgije ya raba su. Kalmar marka ita kaɗai ta isa ta nuna cewa mutanen nan sun lura ruwan Agusta daban yake da na Yuni. Na Yuni da hadari yake zuwa, da guguwa da tsawa, kuma daga gabas, ko da yake laimar daga kudu maso yamma ta fito. Dalili shi ne a sama da iskar teku, wajen kilomita 3 daga ƙasa, akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma, ita ke tura hadarin. Manomin da ke duban gabas idan yana jiran ruwa bai yi kuskure ba ko kaɗan.

Har sunan girgije ma yana ɗauke da tarihi. Gajimare da muke kiran gizagizai da shi, a tsohon addinin Maguzawan ƙasar Kano sunan wani iska ne da ake dangantawa da bakan gizo, ana kuma ce masa Masharuwa, don an ga yana bayyana ne sa'ad da ruwa ya tsagaita, sai aka ce shi ya shanye shi. Hasken rana ne ke ratsa ɗigon ruwa ya rarrabu launi-launi, shi ya sa kullum sai ka ba rana baya kake ganin bakan. Musulunci ya kawar da imanin, kalmar ta zauna ta zama ta kowa.

Idan aka bi diddigi, abin da muke kira noman rani yawancinsa noman hunturu ne. Kanal ya kawo ruwa, bai kawo sanyi ba. Alkama sai an shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba don ta yi ciki cikin dari. Wanda ya makara, zafin Maris zai tarar da ita ƙwayar ba ta cika ba, ya girbe ƙaiƙayi. Lokacin da gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987 aka zuba ido ga Kadawa, wannan 'yar tagar sanyi ce ta iyakance abin da za a iya samu. Tumatir ma haka: da dare ya yi zafi sai fure ya kakkaɓe. Shi ya sa kasuwar Kwanar Gafan ke batsewa a Janairu da Fabrairu, kwando ya faɗi warwas, sannan da bazara ya yi tsadar da uwargida ke komawa kan kauɗa. Ita kanta kauɗar kyautar hunturu ce. Mata da yara na tsaga tumatir biyu suna shanyawa fili guda, ja wur, busasshiyar iska ta zuƙe ruwansa cikin 'yan kwanaki kafin ya ruɓe. Hazon da ke sauka a kansa, mai sa leɓe tsagewa, da yawansa daga kwarin Bodele yake a arewacin Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki da ya ninka Tafkin Chadi na yau sau da yawa. Ƙurar tana ƙara wa gonakinmu ɗan abinci, wata kuma ta haye teku har dajin Amazon.

Akwai karin maganar da ke cewa watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama. Tambayi ɗan sakandare wane wata ne wannan, zai ce maka Yuli, tunda shi ne na bakwai a kalandar bango. Amma a Yuli gero ya kai gwiwa, wace alama kuma ake nema? Wani zai ce Rajab, na bakwai a ƙidayar Musulunci. Shi kuma Rajab yawo yake: shekarar wata kwana 354 ce, tana gaza ta rana da kwana 11, don haka a cikin shekara 33 sai ya zaga damina da dari da bazara ya dawo. Watan bakwai na karin maganar na manoma ne, waɗanda ke fara ƙirga watanninsu daga kaka, sai na bakwai ya faɗo wajen Mayu, lokacin da gabas ke fara yin baƙi. Mutum ɗaya yana riƙe da ƙidaya biyu ba tare da ruɗewa ba: ta ibada, mai watan Cika-ciki da Azumin Tsofaffi da Sallah ƙarama da babba, da ta gona, mai bin rana. Yanzu an ƙara ta uku, ta albashi da makaranta, ita ce kuma ke neman haɗiye ta gonar.

Malamai sun ba ƙidayar gona ƙashin baya da lissafin taurari 28 da suka samo daga littattafan Larabawa. Kowane tauraro kwana 13 ne, in ban da Jabha mai 14, jimla 365. Masaukai ne da wata ke bi a sararin sama, rana ma tana ratsa su ɗaya bayan ɗaya a tsawon shekara. Sunayen sun narke a bakin Hausa: Surayya, Dabaran, Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha, Harsan, Sarfa, har zuwa Ƙalbu da Shaula. Mai jin Nasara zai ɗauka cin nasara ake nufi, alhali asalinta kan hancin zaki ne. Larabawa sun hango wani ƙaton zaki a shimfiɗe a sama: Zira'a damtsensa, kalma ɗaya da zira'in da ake auna yadi da shi, Ɗarfa idonsa, Jabha goshinsa. Ƙalbu zuciyar kunama ce, Shaula ƙarinta. Dabaran kuwa mabiyi, don kullum yana bayan Surayya. Abin da ya fi burge ni shi ne an raɗa waɗannan sunaye a ƙasar da yawancin ruwanta da sanyi yake sauka, amma malamanmu suka ɗauko ma'aunin suka ɗora shi a kan daminarmu, har hanci da ido da goshin zakin suka zama kwanakin ruwa mai yawa, daga ƙarshen Yuli zuwa ƙarshen Agusta. An rubuta waƙoƙin ajami don a haddace jerin, kuma masani Mervyn Hiskett ya yi nazari a kansu a 1967. Malaman sun kuma kiyaye iyaka. Hadisin Zaidu ɗan Khalid, wanda ke cikin Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim, ya yi gargaɗi mai tsanani ga mai jingina saukar ruwa ga tauraro. Don haka tauraro a wurinsu alamar lokaci ce kawai, mai saukar da ruwa Allah ne. Masu yi wa wannan ilimi kallon duba ko camfi ba su yi masa adalci ba.

Surayya tana da sunanta na gida tun kafin littafi ya zo: Kaza da 'ya'yanta. Ido na ganin shida ko bakwai a cure, na'ura na ganin fiye da 1,000, kuma haskensu kan yi shekara kusan 440 a hanya kafin ya iso mu. Ba mu kaɗai muka ɗaura noma a kanta ba; Waswahili na kiranta Kilimia, daga kalmarsu ta noma. Wajen ƙarshen Afrilu takan ɓace a cikin hasken rana, sai a Yuni ta sake leƙowa gabas da asuba, daidai lokacin da damina ke kama ƙasa. Wannan tsofaffi sun sani. Abin da ban taɓa jin an haɗa ba shi ne ɗaya gefen: a tsakiyar Nuwamba Kaza na fitowa gabas da faɗuwar rana, ta kwana a sama har asuba, kuma wannan shi ne makon da ya kamata alkama ta shiga ƙasa a Kadawa. Tauraron da ya yi wa kakanni alamar shuka ɗaya yana iya yi wa jikoki alamar biyu, in an nuna musu shi. Zara matar wata da Gamzaki kuwa ba su da amfani a wannan lissafi, don abu ɗaya ne mai suna biyu, kuma ba tauraro ba ne, duniya ce 'yar'uwar tamu da ke zaga rana cikin kwana 225. Takan yi wata takwas da wani abu tana fitowa da magariba, a ce Zara, daga Zuhura ta Larabci, sannan ta ɓace ta koma asuba, a ce Gamzaki. Zagayenta bai dace da shekararmu ba, shi ya sa ba a ɗaura shuka a kanta ba, aka bar ta wa masu kirari da matafiya.

Kada kuma a ɗauka dam ya raba mu da sama. Tiga ba ta haifar da ruwa, ajiya take yi. Abin da damina ta zuba a tuddan kudancin Kano shi ake sha da rani. Ana cikin gina ta aka yi farin 1972 da 1973, aka sake wani a 1983 da 1984. Mutanen da kan raɗa wa irin waɗannan shekaru suna don kada a manta: yunwar 1913 zuwa 1914 Kakalaba ce a bakin Kanawa. Yawan ruwa ma na da tasa ɓarnar, kamar yadda madatsar Bagauda ta ɓalle a Agustan 1988. Ko tsutsar da ta cinye tumatirin Kadawa a 2016, shekarar da aka buɗe masana'antar tumatir ta Dangote a can, manoma ba su jira sunan Latin ba, suka ce mata sharon.

Inda muke da giɓi na gaske shi ne kalmar yanayi. Ita muke amfani da ita ga zafin yau da hadarin gobe, ita ce kuma ga halin da ƙasa ta saba da shi na shekara talatin, wanda shi ake nufi idan an ce sauyin yanayi. Manomi ya ji wannan a rediyo ya ce ai kullum ma yanayi na sauyawa, kuma ba za ka ce ya yi ƙarya ba. Haka hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara: idan mai fassara ya ce ruwa zai fara ran kaza, bai gama magana ba. Bahaushe ya bambanta yayyafi da ruwan farko mai kwantar da ƙura, ya bambanta wannan da ruwan shuka, wanda ake tona ƙasa da hannu a ga laima ta kai zurfin da iri zai rayu. Yana da binne, shukar da ake yi a busasshiyar ƙasa ana jiran ruwa ya same ta, da sanin cewa in ya zo kaɗan ya ɗauke, iri zai tsiro ya ƙone. Abin da masana ke nufi da ranar farawar damina shi ne ruwan shuka, wanda ba dogon fari a bayansa. Mai karanta hasashen a gidan rediyo a Kano, in ya faɗi ruwan shuka a inda ya kamata, manomin Madobi zai san ko ya fito da irinsa ko ya ƙara jira mako biyu.